Shawara ga wadda doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari da jan ƙafa

Assalamu alaikum, Mama. Shekarata 21, kuma wata 11 ke nan da na yi haihuwar fari. Naƙuda ta kama ni a gidan iyayena inda na je goyon ciki, na kwana biyu ina fama kafin a samu mota a kai ni asibiti, inda aka yi mini aiki aka ciro yaron babu rai, aka kuma ƙara mini jini leda uku. Kwana biyar bayan haka fitsari ya fara zubo mini ba tare da na ji zuwansa ba, kuma har yau bai tsaya ba, dare da rana. Ƙafata ta hagu tana ja idan ina tafiya, al'adata ba ta dawo ba, ɗan aiki kaɗan kuma sai in kama haki. Na rage shan ruwa don zubar ta ragu. Na daina zuwa biki da Islamiyya, har salla ma ina barinta saboda ina ganin ba ni da tsarki. An yi mini rubutu da hayaƙi, wata tsohuwa kuma ta ba ni maganin matsi. Mijina bai sake ni ba, amma ya ce in zauna a gidanmu har in warke, mahaifiyarsa kuwa cewa take yi iskoki ne a jikina. Kowa haƙuri yake ba ni. Wani lokaci nakan ji da ma na bi ɗana. Shin wannan ciwo yana warkewa da kansa? Zan sake haihuwa kuwa? Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Katsina da Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Sannu da jiki, sannu kuma da rashin da kika yi. Allah ya sa yaron nan mai ceto ne a gare ki da mahaifinsa, ya ba ku masu tsawon rai a bayansa. Zan fara da amsar tambayarki ta farko kai tsaye, domin wata 11 kin yi kina jira, bai kamata ni ma in ƙara miki jira ba. Bisa ga abin da kika bayyana, wannan ciwo ba zai warke da kansa ba a yanzu, komai daɗewar da za ki yi a ɗaki, amma ciwo ne da aka san sunansa, aka san dalilinsa, ake kuma yin aikinsa kyauta a asibitocin da ba su da nisa da ke. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba ki, sai dai duk alamomin da kika lissafa na yoyon fitsari ne, wanda doguwar naƙuda ke haifarwa.

Ina so ki fahimci abin da ya faru a jikinki, saboda mace idan ta san yadda rauninta ya samu, maganganun mutane ba sa yi mata nauyi kamar da. Mafitsara tana gaban hanyar haihuwa ne, kuma abin da ya raba su ɗan siririn nama ne kawai. Idan naƙuda ta zo daidai, kan jariri yakan wuce ta cikin ƙashin ƙugu cikin awoyi, ya danne wannan nama na ɗan lokaci sannan ya sake shi. Idan kuwa kan ya yi wa ƙugun girma, ko jaririn ya zo a karkace, sai ya maƙale, mahaifa kuma ta ci gaba da turo shi da dukkan ƙarfinta, ya zama naman nan yana matse tsakanin ƙashi biyu, ƙoƙon kan jariri da ƙashin uwa, awa bayan awa. Naman da aka matse haka jini ba ya isa gare shi, wanda kuma jini bai isa gare shi ba mutuwa yake yi. Ba a ranar yake faɗuwa ba, sai ya yi kwanaki ya ruɓe sannan ya zube, ya bar rami tsakanin mafitsara da gaba. Wannan shi ya sa zubar ba ta fara miki ranar aikin ba sai a kwana na biyar, domin galibi tsakanin kwana 3 zuwa 10 take bayyana. Fitsarin da ƙoda ke tacewa yana sauka cikin mafitsara kamar kullum, amma maimakon ya taru har ki ji shi, sai ya bi ramin ya fita. Matsin da ya ji miki wannan rauni shi ne kuma ya hana yaron samun iskar da yake buƙata, shi ya sa mafi yawan matan da suka samu yoyon fitsari ba sa tashi da jariransu.

Saboda haka, da dukkan girmamawa ga surukarki, babu hannun iskoki a cikin wannan al'amari, babu sammu, babu maita, kuma ba hukuncin wani laifi ba ne da kika aikata. Ba ya yaɗuwa daga mace zuwa mijinta ko zuwa wadda suka ci abinci tare. Mutane da yawa sun ɗauka ciwon ƙananan yara ne waɗanda aka aurar kafin ƙugunsu ya buɗe, kuma gaskiya ne hatsarin ya fi yawa a kansu, amma yana samun 'yar shekara 20 kamar ke, yana kuma samun uwar 'ya'ya shida idan cikin na bakwai ya zo a gicciye. Abin da ya haɗa su duka shi ne jinkirin fitar da jaririn. Wata kunyar haihuwar fari ce take sa ta danne ciwo ta ƙi faɗa wa kowa, wata jiran izinin maigida ake yi yana can wurin neman abinci, wata mota ce babu, wata kuma ta isa asibitin amma babu likita ko jini ko wuta. Ƙiyasin da hukumomin lafiya a Nijeriya suka sha ambata shi ne mata kimanin 12,000 ke samun wannan rauni duk shekara, akasarinsu a Arewa. Na kawo wannan adadi ne don ki san cewa ranar da kika shiga asibitin za ki tarar da ɗaki cike da mata masu irin labarinki.

Akwai lokacin da ƙaramin rami yakan iya rufewa ba tare da wuƙa ba, wato makonnin farko, idan aka sa wa mace robar fitsari aka bar ta a jikinta mako 4 zuwa 6 tana shan ruwa da yawa, domin mafitsarar ta zauna babu komai a ciki, bakin raunin ya samu ya haɗe. Ina faɗar wannan ne saboda sauran masu karatu, musamman iyaye mata da ungozomomi: duk mai jegon da ta ga zuba bayan naƙuda mai tsawo, a mayar da ita asibiti a wannan makon, kada a ce sai ta yi arba'in. A wajenki wannan lokaci ya wuce, bakin ramin ya riga ya warke a buɗe kamar hujin kunne, kuma abin da zai rufe shi yanzu shi ne ɗinki a hannun likitan da ya ƙware a wannan aiki.

Daga inda kuke, wurare biyu ne suka fi kusa. Na farko shi ne cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa da ke Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari a gefen birnin Katsina. Asalinta asibitin kutare ne, kuma a can ne wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun farkon shekarun 1980, ya ɗinke mata dubbai, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa waɗanda suke ci gaba da aikin. Na biyu shi ne sashen Laure da ke cikin asibitin Murtala Muhammad a Kano. Ga waɗanda suke wasu wurare, akwai cibiyar ƙasa a Ningi ta jihar Bauchi, akwai babban asibitin Jahun a Jigawa inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008, akwai asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da cibiyar Gesse a Birnin Kebbi, da asibitin Gambo Sawaba a Zariya, da asibitin Jankwano a Jos. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da cibiyar Danja kusa da Maradi, wadda aka buɗe a 2012. A cibiyoyin gwamnatin tarayya ba a karɓar kuɗin aikin, kuma a 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara wani shiri na ɗaukar nauyin masu wannan ciwo. Abin da iyalinki za su tanada shi ne kuɗin mota, da ɗan guzuri, da mace ɗaya da za ta zauna jinyarki.

A nan akwai gargaɗin da nake roƙonki ki riƙe da kyau. Kada ki yarda a taɓa wannan rauni a wurin da ba aikinsu ba ne, ko da kuwa an ce muku akwai wani likita a kusa da zai yi da sauƙi. Aikin farko shi ne mafi samun nasara, domin duk ɗinkin da ya warware yakan bar tabo, naman da ya yi tabo kuma ya fi wuyar kamawa a karo na biyu. A hannun ƙwararru, cikin mata goma masu ramin da bai tsananta ba, takwas zuwa tara sukan samu ya rufe. Ba zan ɓoye miki sauran ba: akwai waɗanda sai an yi musu aiki biyu ko uku, akwai kuma waɗanda ramin yakan rufe amma ɗigo bai tsaya ba, saboda naman da ke riƙe bakin mafitsara shi ma ya ji rauni, kuma wannan ma yana da nasa magani da motsa jiki da ake koyarwa. Babu wanda zai iya faɗa miki rukunin da kike ciki sai wanda ya duba ki da idonsa.

Dubawar ba ta da wahala. Za su zuba wani shuɗin ruwa a mafitsara ta cikin roba, su ga ta inda yake fitowa. Tun da aiki aka yi miki wajen haihuwar, za su kuma tabbatar ko bututun da ke ɗauko fitsari daga ƙoda bai samu rauni ba, domin shi ma yana kawo zuba, kuma gyaransa daban ne. Saboda haka ki lura tun yanzu ko har yanzu kina jin fitsari kina zuwa ki yi ban da zubar, ko kuwa duka ta can yake fita, ki gaya musu. Idan kuma bayan gida ko tusa suna fitowa ta gaba, ko ba kya iya riƙe su, ki faɗa ko da ba a tambaye ki ba, domin matsin da ya huda gaba yakan huda baya, kuma mata da yawa sukan faɗi na fitsarin su ɓoye wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Shi aikin kansa galibi ta ƙasa ake yinsa ba tare da an sake yanka ciki ba, bayan an yi allurar da ke kashe rabin jiki a gadon baya. Za a bar miki roba kamar mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kina shan ruwa sosai, sannan a cire a gwada.

Kafin ranar tafiya akwai abubuwa biyu da nake so ki canja daga yau. Na farko shi ne ruwa. Na san dalilin da ya sa kika rage shi, kuma kusan duk mai wannan ciwo haka take yi, amma wannan dabara cutar da ke take yi. Fitsarin da ruwa ya yi masa kaɗan yakan yi kauri, shi ne mai zarni mai ƙarfi, shi ne ke cin fatar cinya har ta saɓule, shi ne kuma ke tara tsakuwa a mafitsara ya jawo ciwon da kan iya hawa zuwa ƙoda. Ki riƙa sha kaɗan-kaɗan tun safe har fitsarin ya koma fari kamar ruwa, za ki ga zubar ta ƙaru amma warin ya ragu ƙwarai, fatar kuma ta fara hutawa. Ki riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta sau da yawa a yini, ki tsane shi da kyau, ki shafa basilin ko man kaɗanya don ya tsare fatar, ƙunzugunki kuma ya zama na auduga, ki yawaita canja shi, a wanke a shanya a rana. Na biyu shi ne maganin matsin nan, ki bar shi gaba ɗaya. Ganye, kanwa, alif, gishiri, ko duk wani abin da ake cusawa, ba ya toshe rami, ƙona naman yake yi ya bar tabon da zai tsuke hanya ya wahalar da likitan da zai yi ɗinki. Haka kuma kada ki bari kowa ya kusance ki da aska da sunan yankan gishiri, domin shi kansa yana cikin abubuwan da ke huda mafitsara. Addu'a da tofi kuwa ki ci gaba da su, ba su hana zuwa asibiti ba, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Jan ƙafar da kike yi daga wannan naƙudar ya samo asali. Jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa daga ƙasan gadon baya take tasowa, ta ratsa ta bakin ƙugu, daidai inda kan yaron ya tsaya, kuma doguwar durƙuso ma takan danne ta a wajen gwiwa. Labari mai daɗi shi ne mafi yawan mata sukan samu sauƙi a hankali, wasu cikin watanni, wasu har zuwa shekara biyu. Abin tsoro kawai shi ne agara ta ƙage saboda rashin motsi, ƙafar ta sandare a miƙe ko da jijiyar ta farfaɗo daga baya. Don haka kullum safe da yamma ki zauna ki miƙe ƙafar, ki rataya ɗankwali a tafin, ki ja yatsun zuwa gare ki ki riƙe na ɗan lokaci, ki saki, ki maimaita. Ki riƙa tafiya gwargwadon iko da takalmin da ke kama dunduniya, domin silifa yana kayar da mai irin wannan ƙafa. A asibitin ki nemi a haɗa ki da masu gashin ƙashi.

Batun al'ada shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai a cikin wasiƙarki, kuma ina roƙonki kada murnar gyaran yoyo ta sa a manta da shi. Ɗaukewar al'ada bayan irin wannan wahala abu ne da ake yawan gani, kuma sau da yawa rama da ƙarancin jini da baƙin ciki ne suke jawo ta, ta dawo da kanta idan jiki ya murmure. Amma akwai dalilai uku da dole a bincika. Wani lokaci mahaifa takan fashe a doguwar naƙuda, likita ya cire ta don ceton rai, a gaya wa miji ko uba a bakin ɗakin tiyata, ita kuwa mai jikin ba wanda ya gaya mata. Ki tambayi wanda ya sa hannu a takardar aikinki abin da aka faɗa masa, kuma hoton ciki zai nuna gaskiya cikin mintuna. Wani lokaci kuma mahaifar tana nan amma cikinta ko bakinta ya yi tabo ya manne. Na uku yana da alaƙa da jinin da kika zubar. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba, wanda yake ba da umarnin al'ada da ruwan nono da ƙarfin jiki, kuma zubar jini mai yawa wajen haihuwa yakan iya lalata shi. Ana kiran wannan ciwon Sheehan, da sunan likitan Birtaniya da ya bayyana shi a 1937. Ki tuna, bayan haihuwar nononki ya kawo ruwa ya cika, ko kuwa bai kawo ba sam? Gashin hammata da na gaba ya zube? Kina yawan jin sanyi da jiri da kasalar da barci ba ya kore ta? Idan haka ne ki faɗa wa likita da bakinki, domin gwajin jini yana gano shi, ana kuma riƙe shi da ƙwayoyin da ake sha kullum, amma idan aka bar shi yana da hatsari, musamman ga wadda za a yi wa aiki.

Hakin da kike yi ya fi kama da ƙarancin jini, wanda za a auna a ba ki maganinsa kafin aiki, ke kuma ki taimaka da zogale, alayyahu, wake, hanta da ƙwai gwargwadon abin da gida zai iya. Sai dai raunin zuciya bayan haihuwa ciwo ne da likitocin Zariya suka bayyana yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970, kuma har yau ana ganinsa sosai a asibitocinmu. Idan ƙafafunki suna kumbura, ko ba kya iya kwanciya sai kin tada kai da matasai, ko tari yana tashinki cikin dare, to kada ki ƙara yawan ruwan da na ce, kada kuma ki sha kunun kanwa, ki je asibiti mafi kusa a ranar.

Yanzu salla. Raina ya ɓaci da na karanta cewa kin yi watanni kina ganin ba ki cancanci tsayawa gaban Ubangijinki ba, alhali malamanmu sun gama wannan magana tun ƙarnoni da suka wuce. Wanda fitsari yake zubo masa ba da ikonsa ba mai uzuri ne. A mazhabar Malikiyya zubar da ta lazimci mutum ba ta karya alwala, kuma a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ce abin so ne mai wannan lalura ya sabunta alwala a kowace salla. Abin da ya taɓa tufafi bayan an yi iya ƙoƙari an yafe shi. Idan lokaci ya shiga ki wanke jikinki, ki sa ƙunzugu mai tsabta, ki yi alwala, ki yi sallarki, ko da kina jin zubar a cikin ruku'u. Waɗanda suka wuce kuma ki tambayi malamarku ta Islamiyya yadda za ki rama su a hankali, wannan ma zai zama dalilin da zai sa ki sake sallama a ƙofarta.

Game da maigidanki, na lura bai furta saki ba, kuma ban raina wannan ba, domin mata da yawa masu wannan ciwo takarda ake ba su tun kafin su yi arba'in. Amma cewa ki zauna har ki warke, ba tare da an kai ki inda ake warkarwa ba, bai isa ba. Igiyar aurensa tana kanki, cinki da suturarki suna wuyansa, kuma a wajen haifa masa ɗa kika samu wannan rauni. Ina ba da shawara mahaifinki ko waliyyinki ya kira shi su zauna, a karanta masa wannan amsa idan da hali, a nemi ya raka ki asibitin da ƙafarsa. Namijin da ya ji bayani daga bakin likita, ya kuma ga wasu mazan zaune a bakin ɗakin suna jiran matansu, yakan koma gida da wata fahimta, kuma shi ne ya fi kowa iya sauya ra'ayin mahaifiyarsa. Ke kada ki yi jayayya da ita. Akwai kuma dalili na biyu da ya sa dole ya ji da kunnensa: bayan aiki za a hana ku kwanciyar aure na wata 3 zuwa 6, gwargwadon abin da likita ya gani, kuma karya wannan doka na cikin abubuwan da suke warware ɗinki. Idan ya ƙi zuwa, kada tafiyarki ta tsaya saboda shi, iyayenki su kai ki.

Tambayarki ta biyu ita ce ko za ki sake haihuwa. Idan mahaifarki tana nan lafiya kuma al'ada ta dawo, to mata da yawa sun yi ciki bayan an gyara su, sun kuma rungumi 'ya'yansu. Sharuɗɗan dai ba su da sassauci. Za a so ki huta aƙalla shekara guda bayan aikin kafin ki ɗauki ciki, kuma za su nuna miki hanyoyin tazarar haihuwa ki zaɓa tare da mijinki. Idan cikin ya samu ki fara awo da wuri, ki gaya wa ma'aikatan awon tarihinki tun ranar farko, ki adana katin da cibiyar za ta ba ki kamar yadda ake adana takardar gona. Duk haihuwar da za ki yi nan gaba ta hanyar aiki ce, wanda za a sa wa rana kafin naƙuda ta fara, a asibitin da ke da jini da likita a kusa. Idan watan haihuwa ya kama ki koma kusa da asibitin da zama, ko da a gidan dangi ne, kada a sake dogara da samun mota cikin dare. Idan kuwa bincike ya nuna mahaifar ba ta nan, gara ki ji gaskiya daga bakin likita da ki shekara biyar kina jiran abin da wasu suka sani suka yi shiru, kuma ko a hakan gyaran yoyon yana nan daram, domin lafiyarki da mutuncinki ba su rataya a kan haihuwa ba.

Ban tsallake maganar da kika yi cewa wani lokaci kina jin da ma kin bi ɗanki ba. Kin rasa ɗa, kin rasa lafiya, kin rasa ɗakinki da ƙawayenki a cikin mako guda, kuma an bar ki da wannan nauyi kusan shekara, don haka ban yi mamakin zuciyarki ta kai nan ba. Amma kada ki riƙe wannan tunani ke kaɗai. Ki gaya wa mahaifiyarki ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita yau ɗin nan, ki kuma gaya wa ma'aikatan jinya idan kin isa, domin baƙin cikin da ya kai haka shi ma ciwo ne da ake dubawa. Idan tunanin ya yi ƙarfi har kika ji kina shirya cutar da kanki, kada ki zauna ke kaɗai a ɗaki, a kai ki asibiti nan take. Masu ba ki haƙuri ba mugunta suke nufi ba, abin da suka sani ke nan, kuma haƙurin da kika yi yana da lada. Sai dai haƙurin da ya dace da rashin ɗanki daban ne da abin da ya dace da ramin da ke mafitsararki, na farko sai dangana, na biyu kuwa allura da zare yake jira.

Ki nemi a karɓo miki takardar sallamar da aka ba ku a asibitin da kika haihu, idan tana nan. Ki haɗa zannuwa kamar biyar, da ƙunzugu masu yawa, da bokiti, da kofi, da leda mai faɗi da za ki shimfiɗa a kujerar mota don hankalinki ya kwanta a hanya. Ku fita da sassafe a farkon mako, ku je da shirin cewa za a iya duba ki a ba ki wata rana ki dawo, kuma hakan ba kora ba ce. Idan kin shiga wajen likita ki lissafa masa duka huɗun da kika lissafa mini, zubar, ƙafar, al'adar da hakin, kada ki bar ko ɗaya a waje. Bayan an duba ki ki sake rubuto mini abin da suka ce, musamman game da mahaifar, ina nan ina sauraronki. Allah ya ba ki lafiya, 'yata.